Imran Khan a Filin Kurket: Tambayoyi da Amsoshi kan Shekarunsa 21 na Wasa

Yawancinmu a labaran siyasa muka san Imran Khan: firaministan Pakistan da majalisa ta tsige a 2022, wanda daga baya aka tsare. To amma kafin ya taka dandalin siyasa ya shafe shekara 21 yana yi wa ƙasarsa wasan kurket, kuma farin jinin da ya kai shi kan mulki a can ya samo shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu son sanin wancan zamani nasa suka fi yawan yi.

Wane ne Imran Khan, kuma daga wane gida ya fito?

An haife shi a Lahore a shekarar 1952. Mahaifinsa, Ikramullah Khan Niazi, injiniya ne ɗan ƙabilar Pashtun. Mahaifiyarsa, Shaukat Khanum, 'yar gidan Burki ce, kuma ta wajenta ya gaji kurket, domin 'ya'yan 'yan'uwanta biyu, Javed Burki da Majid Khan, kowannensu ya riƙe kyaftin ɗin Pakistan kafin shi. Ya yi karatu a Kwalejin Aitchison ta Lahore, makarantar 'ya'yan manya, ya wuce Worcester a Ingila, sannan Jami'ar Oxford, inda ya karanta falsafa da siyasa da tattalin arziki, ya gama a 1975. Ya yi wa Pakistan wasa daga 1971 zuwa 1992.

Me ake nufi idan aka ce ɗan kurket gwani ne a jifa da duka?

Sai an ɗan fahimci wasan tukuna. Kowace tawaga mutum 11 ce. Ɗaya tana jifa, ɗaya tana duka. Mai jifa yana tahowa a guje ya wurga ƙwallo mai tauri, wadda aka yi da fata aka ɗinke tsakiyarta, yana auna wasu turaku uku da aka kafa a bayan mai duka. Shi kuma mai duka yana riƙe da faffaɗan katako, yana kare turakun, yana kuma doke ƙwallon don ya ci maki. Idan ƙwallo ta tumɓuke turakun, ko aka cafke ta a sama bayan ya doka, ko ya tare ta da ƙafa a gaban turakun, to an fitar da shi. Idan aka fitar da mutum goma, zangon tawagar ya ƙare, sai a yi musaya.

Sana'o'i biyu ne daban, kuma kusan kowa ɗaya yake zaɓa. Wanda ake kira gwanin jifa da duka shi ne wanda za a iya ɗauka a tawaga ko da ɗaya kawai ya iya. Kada a ɗauke shi a matsayin komai-da-ruwanka mai ɗan taɓa nan ya taɓa can. Tawagar da ke da irinsa tamkar da mutum 12 take wasa, shi ya sa suke da wuyar samu.

Mene ne alƙalumansa, kuma yaya ake karanta su?

A wasan Tes, wato na kwana biyar, wanda ake ɗauka a matsayin ma'aunin gwaninta, ya buga wasa 88. Ya ci maki 3,807, matsakaicinsa 37.69, ya kai maki 100 sau shida, mafi yawa 136 a Adelaide a 1990. Da jifa kuma ya fitar da mutum 362, a matsakaicin 22.81. A wasan yini ɗaya ya buga 175, ya ci maki 3,709, ya fitar da mutum 182.

Matsakaicin duka shi ne makin da mutum ke ci kafin a fitar da shi, don haka ana son ya yi sama. Matsakaicin jifa shi ne makin da ake ci a kansa kafin ya fitar da mutum ɗaya, ana son ya yi ƙasa. Masu bin wasan suna da wata gajeriyar hanyar auna mai jifa da duka: shin na dukansa ya fi na jifansa? Na Imran ya fi da kusan 15. Za a ga amfanin wannan lissafi a amsar da ta kwatanta shi da takwarorinsa na zamaninsa, su Ian Botham na Ingila.

Shin tun yana yaro aka ga alamar zai yi fice?

A'a, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a tarihinsa. Ya fara wasan Tes a watan Yunin 1971 a Edgbaston, Birmingham, yana da shekara 18. Jifansa ya riƙa kauce hanya, bai fitar da kowa ba, ya ci maki 5 kacal. An ajiye shi, bai sake buga Tes ba sai 1974. Har wasu suka riƙa cewa albarkacin dangi ya ci.

A lokacin jifansa ba shi da sauri, yana kuma fuskantar mai duka da ƙirji, abin da ke sa ƙwallonsa ta riƙa shiga ciki kawai. A ƙungiyar Worcestershire da Oxford, daga baya kuma Sussex, wadda ya koma a 1977, ya rushe salon jifan nasa ya sake gina shi tun daga tushe. Ya ƙara tsawon gudunsa, ya ƙara ƙarfin jiki da atisaye, sannan ya kawo tsallen nan da aka san shi da shi: daf da layi sai ya daka tsalle sama ya juya kafaɗarsa ta hagu wajen mai duka, ya sauko da dukkan nauyinsa a kan ƙafar hagu, ƙwallon ta fita kamar an harba ta. Mutumin da ya riga ya shiga tawagar ƙasa ba kasafai yake yarda ya koma ɗalibi ba. Shi ya yarda.

Yaushe duniya ta fara sanin da shi?

A Sydney, watan Janairun 1977. Ya fitar da mutum shida a zangon farko, shida a na biyu, 12 ke nan, kuma Pakistan ta ci Ostireliya a gidanta karon farko a tarihi. Mushtaq Mohammad ne kyaftin a lokacin.

Nan take attajirin talabijin na Ostireliya, Kerry Packer, ya ɗauke shi cikin gasar da ya kafa ta kansa, wadda ta gudana daga 1977 zuwa 1979. Hukumomin kurket sun yi fushi da waɗanda suka shiga, shi ma an ajiye shi na ɗan lokaci. Amma a can ya yi gogayya da manyan masu jifa na duniya irin su Dennis Lillee da Andy Roberts da Michael Holding. A wata gasar auna saurin jifa da aka yi a Perth a wancan zamani ya zo na uku, bayan Jeff Thomson da Holding.

Mece ce karkatar baibai da ake yawan danganta shi da ita?

Ƙwallon kurket tana da ɗinki a tsakiya, kamar an haɗa ƙoƙo biyu. Masu jifa suna goge ɓari ɗaya a jikin wando da gumi har ya yi sheƙi, su bar ɗayan ya yi kaushi. Idan ƙwallon sabuwa ce, iska na sa ta karkata wajen ɓarin mai kaushi, kuma kowane mai duka ya san haka. Idan ta tsufa kuwa, a da an ɗauka aikin masu saurin jifa ya ƙare, sai a miƙa wa masu murza ƙwallo da yatsu.

'Yan Pakistan ne suka gano cewa tsohuwar ƙwallo, idan ɓari ɗaya ya bushe ya caccake sosai, aka kuma jefa ta da tsananin sauri, takan karkata wajen ɓarin mai sheƙi, wato baibai. Abin da ya sa ta zama bala'i shi ne ba ta juyawa sai ta kusa isa. Mai duka ya riga ya ɗaga katako ya ajiye ƙafa, sai kawai ya ga ta lanƙwaso kan yatsunsa ko gindin turaku. Sarfraz Nawaz ne ya koya wa Imran, shi kuma ya haɗa ta da saurin da Sarfraz ba shi da shi. Busassun filayen Pakistan, waɗanda ke kashe gwiwar masu jifa, sai suka zama abin da ke gyara masa ƙwallo. Wannan fasaha ce ta jawo zargin maguɗi, akwai tambaya a kansa a ƙasa.

Ta yaya ya zama kyaftin, kuma wane irin shugaba ne?

A 1982 manyan 'yan wasa suka yi wa Javed Miandad bore, suka ce ba za su yi wasa a ƙarƙashinsa ba. Daga wannan rikici aka ba Imran ragama. A rangadinsa na farko zuwa Ingila ya ajiye Majid Khan, yayansa kuma gwarzonsa tun ƙuruciya, saboda yana ganin ƙarfinsa ya ragu. Zumuncinsu ya daɗe bai warke ba. Ya kuma dage sai an dawo da Abdul Qadir, mai murza ƙwallo da wuyan hannu, a zamanin da duniya ta ɗauka wannan salon ya mutu. A rangadin ne Pakistan ta yi nasara a filin Lord's, nasararta ta farko a Ingila cikin shekara 28.

Ba shugaba ne mai lallashi ba. Yakan tsawata wa ɗan wasa a bainar jama'a, yana kuma so zaɓen tawaga ya zama a hannunsa. Mutanen Karachi sun sha zargin yana fifita 'yan Lahore. Amma abin da ya nema daga yaransa shi yake fara yi. A wasannin Tes 48 da ya jagoranta, ya ci 14, an ci shi 8, an yi kunnen doki 26. Mutane da yawa wasansu lalacewa yake idan aka ɗora musu shugabanci, shi kuwa a matsayin kyaftin matsakaicin dukansa ya haura 52, na jifansa ya sauko kusan 20.

Wace kaka ce ganiyarsa, kuma me ya katse ta?

Ta 1982 zuwa 1983. A watan Maris na 1982 a Lahore ya fitar da 'yan Siri Lanka 8 da maki 58 a zango ɗaya, jifansa mafi kyau ke nan. Sannan Indiya ta zo wasa shida, da manyan masu duka irin su Sunil Gavaskar da Gundappa Viswanath. Ya fitar da mutum 40 a matsakaicin 13.95, Pakistan ta ci 3 da nema. A Faisalabad, watan Janairun 1983, ya ci maki 117 ya kuma fitar da mutum 11 a wasa ɗaya. Kafin shi, a kurket na maza, Ian Botham kaɗai ya taɓa haɗa maki 100 a zango ɗaya da fitar da mutum goma a wasan Tes guda.

Tsallen nan da aka yi bayani a baya ya karɓi ladansa. Ƙashin ƙaurinsa na hagu ya tsage, ya shafe kimanin shekara biyu ba ya jifa sosai, kuma a daidai lokacin da babu kamarsa a duniya. Ya je gasar cin kofin duniya ta 1983 a matsayin mai duka kawai, har ya ci maki 102 ba a fitar da shi ba a karawa da Siri Lanka. Wannan jinya ce ta mayar da shi mai duka na gaske, mai haƙuri.

Ban da kofin duniya, waɗanne nasarori ne suka fi daraja?

Shekarar 1987 ta kawo biyu. Pakistan ta ci jerin wasanni a Indiya karon farko, da nasarar maki 16 kacal a Bangalore, a wasan Tes na ƙarshe na Gavaskar, wanda ya ci 96. Bayan wasu watanni ta ci Ingila a gidanta, ita ma karon farko. A Headingley, inda aka yi nasarar, Imran ya fitar da mutum 10 da maki 77.

Ni dai a ganina karawarsa da West Indies, haɗakar ƙasashen Karibiyan, ta fi duka. Daga 1980 zuwa 1995 babu wanda ya ci su jerin wasannin Tes. Ƙasashe da dama kashi kawai suke sha a hannunsu. Pakistan ta Imran ta kara da su sau uku, 1986 da 1988 da 1990, kowane karo aka tashi 1 da 1. A Faisalabad a 1986 an kwashe su duka da maki 53. A 1988 ya fitar da mutum 11 a Georgetown, ya ci su a gida karon farko cikin shekara goma, ko da yake gaskiya ita ce manyan 'yan wasansu Viv Richards da Malcolm Marshall ba su buga wannan wasa ba. Kuma wannan ya zo ne bayan ya riga ya yi ritaya a ƙarshen 1987, sai da shugaban ƙasa Janar Zia-ul-Haq ya roƙe shi ya dawo.

Gaskiya ne shi ya fara kawo alƙalan wasa daga waje?

Ya taka muhimmiyar rawa. A da, mai masaukin baƙi ne ke kawo alƙalai, kuma duk nasarar da Pakistan ta yi a gida sai a ce alƙalanta suka ba ta. Wannan ya dame shi. Da matsawarsa aka gayyaci alƙalai biyu 'yan Indiya a karawa da West Indies a 1986, sannan wasu biyu daga Ingila, John Hampshire da John Holder, a karawa da Indiya a 1989. Daga baya hukumar kurket ta duniya ta mayar da abin doka.

Yaya aka yi Pakistan ta ci kofin duniya na 1992?

Da ƙyar da jiɓin goshi. Mai saurin jifansu Waqar Younis ya ji rauni kafin a fara, Imran kansa yana fama da kafaɗa, shekarunsa 39. A wasanni biyar na farko ɗaya kawai suka ci. A Adelaide Ingila ta kwashe su duka da maki 74, sai ruwan sama ya sauko aka fasa wasan aka raba musu makin gasa ɗaya-ɗaya, kuma wannan maki ɗaya ne daga baya ya tsallakar da su. Kafin wasa da Ostireliya a Perth ya fito sanye da riga mai hoton damisa, ya ce wa yaransa su yi faɗa irin na damisar da aka ritsa a lungu. Daga nan ba a sake cin su ba. A wasan kusa da na ƙarshe a Auckland, wani saurayi da ba a sani ba, Inzamam-ul-Haq, ya ci maki 60 daga ƙwallo 37, ya ƙwace wasan daga hannun New Zealand.

An buga na ƙarshe ran 25 ga Maris 1992 a Melbourne, cikin watan Ramadan, gaban mutum fiye da 87,000. An fitar da mutum biyu na farko da wuri, sai Imran da Miandad, waɗanda suka shafe shekaru suna 'yar tsama, suka tsaya tare suka haɗa maki 139. Imran ya ci 72, Miandad 58, Pakistan ta tashi da 249. Da Ingila ta fara farfaɗowa ya miƙa wa Wasim Akram tsohuwar ƙwallo. Jifa biyu a jere, ya tumɓuke turakun Allan Lamb da Chris Lewis da karkatar baibai ɗin nan. Mutum na ƙarshe, Richard Illingworth, Imran ne ya jefa masa, ya doka sama, Rameez Raja ya ruga ya cafke. Ingila ta tsaya a 227. Wannan ce ƙwallon ƙarshe da ya jefa wa ƙasarsa.

Me ya sa ake sukar jawabin da ya yi a daren nasarar?

Saboda ya yi magana a kan kansa da asibitin da yake burin ginawa, bai ambaci abokan wasansa ba. Abin ya sosa musu rai, kuma suna da gaskiya. Daren Wasim ne da Miandad da Inzamam kamar yadda yake nasa.

Shin ya taɓa yin maguɗi da ƙwallo?

Ya amsa da bakinsa a 1994 cewa sau ɗaya, a 1981, a wasan Sussex da Hampshire, ya sa an kawo masa murfin kwalba ya karce ƙwallo. Wannan karya doka ce, babu wata kwana-kwana. Ya kuma ce ɗaga ɗinki da farce abu ne da masu jifa a ko'ina suka daɗe suna yi. Cacar bakin da ta biyo baya ta kai Ian Botham da Allan Lamb suka maka shi a babbar kotun Landan a 1996 bisa zargin ɓata suna, amma shi ya yi nasara.

Inda nake ganin an yi rashin adalci shi ne da aka mayar da fasahar gaba ɗaya maguɗi. Jaridun Ingila sun yi ta zargin Wasim da Waqar a 1992. A 2005, da masu jifan Ingila suka ci Ostireliya da wannan karkata ɗin, sai aka kira ta gwaninta.

Tsakaninsa da Botham da Kapil Dev da Hadlee, wa ya fi?

Su huɗun zamani ɗaya suka yi, kuma har yau ana gardama. Ian Botham na Ingila ya ci maki 5,200 ya fitar da 383. Kapil Dev na Indiya ya ci 5,248 ya fitar da 434. Richard Hadlee na New Zealand ya ci 3,124 ya fitar da 431. A jimla duk sun fi Imran fitar da mutane, to amma a tuna shekaru biyun da ya yi yana jinya. Idan aka koma kan ma'aunin da aka yi bayani a amsar alƙaluma, tazarar dukan Botham a kan jifansa kusan 5 ce, ta Hadlee ma haka, ta Kapil ba ta kai 2 ba, ta Imran kusan 15.

Botham ya fi shi tashe da wuri da iya juya wasa cikin awa ɗaya, amma ya yi ta raguwa, kuma bai taɓa cin maki 100 a kan West Indies ba. Hadlee ya fi shi daidaiton jifa, sai dai bai kai shi duka ba. Kapil ya ɗauki nauyin jifan Indiya kusan shi kaɗai, ya kuma ci kofin duniya a 1983. Ni Imran zan ɗauka, don shi ne ya riƙa ƙaruwa yana tsufa, da nauyin shugabanci a kansa. Idan aka faɗaɗa zuwa duk tarihi, Garfield Sobers da Jacques Kallis sun fi shi duka nesa ba kusa ba, shi kuma ya fi su jifa.

Su wa ya rena?

Wasim Akram, wanda Miandad ne ya fara hango shi amma Imran ya horar da shi, yana tsayawa kusa da shi a fili yana gaya masa irin ƙwallon da zai jefa. Waqar Younis kuwa a talabijin ya gan shi yana wani wasan cikin gida a 1989, ya sa aka kira shi. Ya tsaya kai da fata sai an tafi da Inzamam kofin duniya, ya kuma ci gaba da sa shi ko da ya yi ta faɗuwa a wasannin farko. Wasim ya gama da fitar da mutum 414 a Tes, Waqar 373, dukansu sun zarce malaminsu.

Me ya yi bayan ya ajiye wasa?

Mahaifiyarsa ta rasu da ciwon daji a 1985, bayan ya ga irin wahalar da marasa galihu ke sha wajen neman magani. Kofin 1992 ya buɗe masa hannayen jama'a, ya zagaya garuruwan Pakistan yana tara gudummawa, har yaran makaranta suna ba da nasu. An buɗe asibitin ciwon daji na Shaukat Khanum a Lahore a watan Disambar 1994, inda ake yi wa marasa hali magani kyauta ko da rangwame. A watan Afrilun 1996 ya kafa jam'iyyar siyasa ta Pakistan Tehreek-e-Insaf (PTI), wadda ba ta ci ko kujera ɗaya ba a zaɓen 1997. Ya zama firaminista a watan Agustan 2018, aka tsige shi a watan Afrilun 2022, aka tsare shi a watan Agustan 2023. Alamar da jam'iyyarsa ta yi fice da ita a takardar ƙuri'a ita ce katakon dukan kurket.